Kunyar Ɗan Fari da Takardar Likita

Ni ɗan fari ne, kuma har na haura hamsin uwata ba ta taɓa kiran sunana ba. Wanda ya tashi a ƙasarmu ba sai an yi masa bayani ba. Mace tana jin kunyar ɗanta na fari: ba ta ambaton sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yi masa wasa, in da hali ma ta nuna kamar ba ita ta haife shi ba. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni zuwa ƙauyensu ta wajen Kornaka, ita na tashi ina kira Inna. Uwata kuwa ba ni da sunan da nake kiranta da shi. In magana ta kama sai in yi sallama, in durƙusa nesa kaɗan, in faɗi abin da ya kawo ni ina kallon turmi. Ita kuma ta amsa tana kallon ƙasa.

Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani, ni ma na sani. Lokacin da ƙyanda ta kwantar da ni ina yaro, ta tako da ƙafa tun daga Dakoro, ta tsaya bayan danga tana tambayar kakata lafiyar akuya. Sau uku ta tambayi akuyar nan, har kakata ta gaji ta ce mata akuya ta sha kunu, zazzaɓinta ya sauka. Da na dawo gari don shiga lakwal, makarantar boko, in ta dama fura sai ta miƙa wa ƙanwata ta ce a kai wa wancan. Wancan ɗin ni ne. Duk wannan na sani, amma sani daban, abin da yaro yake so daban. Ina ganin ƙannena suna hawa cinyarta tana zaginsu tana dariya, ni ina bakin zaure kamar baƙon da ya zo jiran mai gida. Na yi kishi, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yanzu.

Na girma na zama mushe, wato malamin lakwal, daga baya aka ba ni direkta a nan Dakoro. Matata da yara suna Maradi saboda karatunsu, sai bakansi, lokacin hutun makaranta, suke zuwa. Ɗaki biyu ne gare ni a gefen lakwal. Da an tashi yara wurin yakan yi tsit, in ci abinci ni kaɗai, in gyara takardun ɗalibai ni kaɗai, in yi ta gardama da rediyo. Gidanmu kuwa, bayan rasuwar mahaifinmu, uwata ce a ciki da autarmu da mijinta, wani mai fataucin hatsi da rabin kwanakinsa a kan hanya suke. Nakan je gaisuwa ranar Juma'a, in durƙusa, in tashi. Gaisuwar ba ta kai tsawon tafasar shayi.

Autar ce ta fara kawo mini ƙara. Ta ce Inna, haka su suke kiran uwata, ta bar gyaɗa a wuta har ta ƙone, matar da ta shekara arba'in tana ƙuli-ƙuli. Ta ce ta sa gishiri sau biyu a miya. A lokacin akwai wata likitar ƙwaƙwalwa da takan zo daga Yamai jefi-jefi, a ba ta aron ɗaki a asibiti ta duba tsofaffi. Yarinya ce a idona, mai natsuwa, ta yi karatu a ƙasar waje, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Don haka ni aka ɗora wa tafinta. Na zo da moto, wato babur, in ɗauki uwata, ta dubi moton ta kau da kai. Hawa bayan ɗan fari, a riƙe masa ƙugu, a tsakiyar gari? Da ƙafa suka tafi ita da auta, ni ina biye da su ina tura moto cikin rairayi.

Likita ta zaunar da ita a kujera, ta sa ni a gefenta. Uwata ta ja kujerarta ta juya mini kafaɗa. An fara da abubuwa masu sauƙi: wane gari muke, wane wata ne, a maimaita kalmomi uku. Ta amsa daidai, watan ma na Musulunci ta ba ta, na juya shi zuwa na Nasara. Sai likita ta ce ta lissafa mata 'ya'yanta da sunayensu. Uwata ta fara daga mai bi mini, ta gangaro har auta.

"Su ke nan?" in ji likita.

"Su ke nan."

Likita ta nuna ni da bik ɗin da take rubutu da shi. "Wannan fa? Wane ne shi?"

Da bakina na juya tambayar nan zuwa Hausa. Uwata ta gyara mayafinta ta ce, "Wani malamin lakwal ne."

Na ga bik ya yi rubutu. Na ce bari a gama, zan yi bayani.

Daga nan aka fito da hotuna, fuskokin Turawa ne maza da mata, a ce mata ta faɗi abin da kowanne yake ji a ransa. Uwata takan saci kallo ta sauke ido, don ba ta ga dalilin ƙura wa namijin da ba nata ba ido. Wani ya washe baki har ana ganin dasashinsa, takarda tana jiran a ce murna yake. Ta ce, "Wanga ba shi da natsuwa." Wata mata kuma fuskarta shafe, ba dariya ba fushi, takarda tana jiran a ce ba ta jin komai. Uwata ta daɗe a kan wannan. Ta ce, "Allah sarki, wagga tana cikin wahala, daurewa take." Ita a saninta haka fuskar mai naƙuda take, haka fuskar wadda aka yi wa rasuwa take gaban baƙi. Takarda ba ta san wannan ba.

Sai ƙananan labarai, a karanta a tambaye ta ko wani ya yi abin da bai dace ba. Na farko, wata mata ta je gidan wata ta ce tuwon da aka kawo bai yi daɗi ba, ba ta san mai gidan ce ta tuƙa da hannunta ba. Uwata ta ce, "Mi ke tsakaninsu?" Na tambayi likita, ta ce labarin bai faɗa ba. Uwata ta ce to ita ba za ta yanke hukunci ba, in taubasai ne ai wasa ne, in ba ta kushe tuwon ba ma sai a ce fushi take. Na biyu kuwa an sa shi ne a matsayin labarin da ba laifi a cikinsa: wani mutum ya je gidan uwar matarsa, ta kawo abinci, suka zauna suka ci tare suna hira. Uwata ta kama haɓa.

"Tare? Shi da surukuwa tai? To duka biyun ba su da kunya."

Nan ma bik ya yi aikinsa.

Da aka fitar da ita waje, likita ta ce mini cikin ladabi tana ganin akwai matsala wajen gane mutane da fahimtar halinsu, abin da ya fi damunta shi ne tsohuwa ba ta san ɗanta ba. Nan fa malamin lakwal ya motsa. Na miƙe tsaye kamar ina gaban allo, na zuba mata Faransanci mai kauri, na koya mata kunyar ɗan fari da kunyar suruki da wasan taubasai. Na ce mata takardarta an auna ta ne da mutanen da suke sumbatar iyayensu a tasha. Na ce uwata ta fi ni da ita da wanda ya rubuta takardar sanin mutane. Ta saurare ni har na gama, ba ta ji haushi ba. Ta ce tana iya yiwuwa ina da gaskiya, amma wannan ma'aunin ne kawai a hannunta, mu dawo in ta sake zuwa. Na fito ina jin kaina, na yi nasara a kan Yamai da ƙasar waje gaba ɗaya. Na kare mutuncin al'adar da ta hana ni uwa, kuma har da kumfar baki.

Bayan kamar shekara ɗaya abubuwa suka fara sauyawa. Auta ta ce Inna ta sayi ƙosai a kasuwa ta tsaya tana ci a tsaye, gaban jama'a. Ta ce ta dubi wata maƙwabciya ta ce mata ta yi ƙiba kamar rumbu. Ranar nan kuma mijin auta yana cin tuwo, ta zo ta zauna a tabarmarsa ta sa hannu a kwanonsa. Mutumin ya tashi da loma a hannu ya rasa inda zai sa kansa, har ya fita ba takalmi. Da auta ta ba ni labari na yi dariya, na ce tsufa ne, kowa da irin nasa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na shiga gaisuwa. Na durƙusa inda na saba, ina kallon turmi. Sai na ji an kira sunana. Ba laƙabi ba, ba mushe ba, sunana na yanka. Na waiga ina neman wanda ya shigo. Ba kowa a tsakar gidan sai ni da ita da kaji. Ta sake kira, ta daki tabarma kusa da ita.

"Taho nan ka zamna. Kullum can nesa kamar an kore ka."

Na matsa. Ta kama fuskata da hannu biyu tana juya ta, ta ce, "Dubi hurhura. Yaushe ka tsuhwa haka?" Hannunta yana ƙanshin man gyaɗa. Ban san tafin hannunta yana da kaushi haka ba, don ban taɓa jinsa a jikina ba tun ina da wayo. Ina direkta, da furfurata da komai, na zauna ina kuka a gaban kaji.

Daga ranar na daina jiran Juma'a. Da an tashi yara sai in kama hanyar gida. Takan ajiye mini fura ta ba ni da hannunta, ta zauna tana kallona ina sha. Ta ba ni labarin ranar da aka haife ni, cewa ruwa ake yi, cewa na zo da gashi cike da kai, cewa da kakata ta tafi da ni, ita uwata ta yi kwana bakwai tana shiga rumbu tana kuka don kada a gani. Wasu labaran takan maimaita su sau uku a zama ɗaya, ni kuwa ban gaji ba. A tsakanin labaran takan yi abin da ba shi da kai: ta cusa abinci a baki har ya cika, ta yi dariya da aka ce wata ƙawarta ta rasu. Ina gani, ina kau da kai.

Auta ba ta kau da kai ba. Ta tare ni a zaure ta ce, "Yaya, likitar nan ta zo, an ce sati za ta yi. Mu kai Inna."

Na ce ina da jarrabawar yara.

Zuwa na gaba na ce moto ya lalace. Auta ta dube ni ta ce, "Yaya, wagga ba Innarmu ba ce, kai ma ka sani. Jiya ta hita ba mayahi." Na daka mata tsawa, na ce ita da aka goya har ta gaji ba za ta gane ba. Maganar ta fito kafin in tare ta. Ta juya ta koma ciki. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. In aka ce ciwo ne, to sunan nan da take kira ciwo ne yake kiransa, kuma in aka ba ta magani ta warke, za ta koma ta juya mini kafaɗa. Wata bakwai na yi ina hana uwata ganin likita saboda wannan. Ba wanda zan faɗa wa. Matata a waya sai ta ce ai abin murna ne, abokaina kuwa da na fara sai su sunkuyar da kai, don su ma sun san abin da ake nufi in tsohuwa ta kira ɗan farinta da suna.

Abin da ya karya ni shi ne ranar da uwata ta ɗauki garwashi da hannu don ta kunna murhu, ta ƙone yatsu uku, tana dariya. Da likita ta dawo na je da moto. Kafin in ce komai uwata ta haye baya, ta rungume ƙuguna, muka ratsa gari mutane suna bin mu da kallo.

Ɗakin nan ne dai, da hotunan nan da labaran nan. Uwata ta shiga ta kama hannun likita tana yaba zobenta. Da aka ce ta lissafa 'ya'yanta, da ni ta fara, ta dafa gwiwata ta ce, "Ga shi nan, shi na hwara haihuwa." Hotuna ta ƙura musu ido ɗaya bayan ɗaya, mai washe baki ta ce daɗi yake ji, mai shafaffiyar fuska ta ce wannan ba komai. Labarin tuwo ta ce matar ta faɗi gaskiya, in ba daɗi ba daɗi, wannan bai samu maki ba kamar wancan karon. Labarin suruki kuwa ta ɗaga kafaɗa.

"Mi ne ne a ciki? Yunwa yake ji, ya ci."

Auta ta fita da ita waje. Likita ta haɗa makinta, ta ɗago tana murmushi. Ta ce an samu ci gaba sosai. Ta ce wancan karon wataƙila baƙin cikin rasuwar mijinta ne ya rufe ta, yanzu ga ta ta sake, tana kallon mutane, ta san ɗanta. Ta ce mantuwar kaɗan ce, ta tsufa, ba sai mun dawo ba sai in wani abu ya taso. Ta fara rufe takardar.

Abin da na zo nema ke nan, an miƙo mini shi da tambarin likita. In na yi godiya na tashi, auta ba ta da sauran magana, don ba ta jin Faransanci, abin da na faɗa mata shi ne abin da likita ta ce. Na kai hannu na ɗauki hulata. Ta taga ina hango uwata a kan benci, tana ƙoƙarin kwance ƙyallen da aka ɗaure mata yatsu da shi, auta tana riƙe hannun.

Na mayar da hular na zauna. Na ce, "Likita, wancan karon da ta faɗi, lafiyarta lau. Yanzu da ta ci, ba ta da lafiya."

Wannan karon ban miƙe tsaye ba, Faransancin ma guntu-guntu ya riƙa fita. Na faɗa mata ƙosai da kwanon suruki da mayafi da garwashi. Na ce duk amsar da ta ba ta maki yau, amsar mutumin da kunya ta bar jikinsa ce. Na ce a ƙasar nan uwar da ta dafa gwiwar ɗan farinta gaban baƙuwa, kowace tsohuwa a unguwa za ta gaya miki wani abu ya taɓa kanta, ba sai da hoto ba. Likita ta buɗe takardar, ta ɗauki bik.

"Tun yaushe take kiran sunanka?"

"Wata bakwai."

Ta dube ni, ba ta tambaye ni me ya hana mu zuwa ba, na kuwa gode mata a raina. Ta yi tambayoyi da yawa, ta kira auta ita ma na yi musu tafinta, wannan karon ban rage komai ba. A ƙarshe ta ce akwai ciwon da yake kama gaban ƙwaƙwalwa, inda mutum yake ajiye kunya da kara da sanin ya kamata. Yakan fara cin waɗannan tun kafin ya taɓa tunawa. Ta ce sai an je Yamai an ɗauki hoton kai kafin a tabbatar, amma abin da muka faɗa ya yi kama da shi ƙwarai. Ta rubuta mana takardar zuwa, ta koya wa auta yadda za a raba ta da wuta da wuƙa.

Da auta ta fita na yi tambayar da ta fi damuna. Na ce in an ba ta magani, za ta koma yadda take da?

Ta ce a'a. Akwai abin da zai kwantar mata da hankali, amma abin da ya tafi ba ya dawowa. Na ji wani sanyi ya ratsa ni, sanyin murna, kuma har yau ina jin kunyar wannan murnar fiye da duk abin da na taɓa yi. Ba ta daɗe ba. Likita ta ci gaba da cewa in shirya, don ciwon ba ya tsayawa a nan. A hankali magana za ta ragu, kalmomi za su riƙa zubewa, sunaye ma haka, har a kai ranar da ba za ta kira kowa ba. Na tambaye ta yaushe. Ta ce ba ta sani ba, wani shekara biyu, wani fiye.

Na fito tsakar asibitin rana ta take. Auta ta tafi neman ruwa, uwata tana zaune ita kaɗai a benci tana kaɗa ƙafa, mayafinta ya zame ƙasa. Ban nufe ta kai tsaye ba. Na tsaya bayan wata bishiyar dogon yaro ina ninke takardar likita, ina buɗewa, ina sake ninkewa. Ta waiga hagu da dama ba ta gan ni ba, sai ta ɗaga murya ta kira sunana, har masu jiran layi suka juyo.

An koya mana tun muna yara cewa uwa ba ta kira sau biyu. Ina jinta sarai. Na yi shiru a bayan bishiyar, na bari ta kira na biyu, ta kira na uku, sannan na amsa.